Waɗanne manhajoji ne suka cancanci a girka don aikin kwamfuta na yau da kullum?

Sakatariya ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina neman shawararku a kan manhajojin da ya kamata mutum ya girka a kwamfutarsa domin ayyukan yau da kullum. Aikina bai wuce buga wasiƙu da rahotanni, da haɗa takardun da aka yi wa sikanin su zama fayil ɗaya, da rage nauyin hotuna kafin a tura su ta imel, da kuma lalubo tsofaffin fayiloli idan an buƙace su da gaggawa ba. Kwamfutar tafi-da-gidanka ce mai Windows 10, RAM ɗinta gigabayit 4 ne, saboda haka ba ta jure kaya masu nauyi.

Abin da ke damuna shi ne, duk lokacin da na nemi manhaja a intanet sai shafuka su fito birjik, kowanne yana cewa tasa ce ta fi inganci kuma kyauta ce, amma da zarar an girka sai ta fara neman kuɗi, ko ta buga tambarinta a kan takardar da na gyara, ko kuma ta taho da wasu manhajojin da ban nema ba. Akwai ma wata da ke leƙowa kullum tana cewa ta gano ɗaruruwan kurakurai a kwamfutar, sai na biya sannan za ta gyara su. Ina roƙon a faɗa mini waɗanda kuka jarraba kuka amince da su, da dalilin amincewar, da kuma waɗanda ya kamata in nisanta. Allah ya saka da alheri.

Mai Gyaran Kwamfuta ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin ki ƙara komai, ki fara da cire wannan manhajar da ke yi miki barazana da ɗaruruwan kurakurai, domin yawancin abin da irin waɗannan manhajoji ke ƙirgawa ragowar bayanai ne a rajistar Windows, wato ma'ajiyar da Windows ke adana saitunansa da na manhajoji, waɗanda ba su rage wa kwamfuta sauri ko kaɗan, kuma kamfanin Microsoft da kansa ya bayyana cewa ba ya goyon bayan amfani da manhajojin share rajista, saboda suna iya goge abin da tsarin yake buƙata. Ko fitattun cikinsu ba su tsira daga matsala ba: a shekarar 2017 masu kutse sun cusa muguwar manhaja a cikin wani zubi na CCleaner, mutane fiye da miliyan 2 suka sauke shi kafin a gano. Da yake irin wannan manhaja tana aiki ne da cikakken izinin taɓa ko'ina a kwamfuta, duk ɓarakar da ta same ta takan zama babba.

Bayan haka ki duba abin da ke cikin Windows ɗin tun asali, domin na sha ganin mutane suna sauke manhaja don aikin da maɓallai biyu ko uku ke yi. Idan kika danna maɓallin Windows da Shift da S a tare, za ki iya yanko hoton kowane ɓangare na fuskar kwamfuta. Idan kika danna Windows da V, za ki ga jerin abubuwan da kika kwafa a baya, har guda 25, ba na ƙarshe kaɗai ba, ko da yake sai kin kunna shi a karon farko. Ga mai buga wasiƙu wannan babban sauƙi ne, tunda za ki iya kafe adireshi ko jimlar rufe wasiƙa a cikin jerin, su zauna ko an kashe kwamfutar. Kowace takarda kuma ana iya mayar da ita PDF ta hanyar zaɓar Microsoft Print to PDF a wurin da ake zaɓar firinta. Maganin bairos ma yana ciki, wato Microsoft Defender, kuma ya wadatar ga mai irin aikinki. Girka wani a kansa a kwamfuta mai gigabayit 4 ƙara mata wahala ne kawai. Idan kuwa tana jan ƙafa wajen tashi, ki danna Ctrl da Shift da Esc, ki shiga sashen Startup, ki kashe duk manhajar da ba kya buƙatar ta tashi tare da kwamfutar.

A cikin waɗanda ake saukewa, wadda zan sa a gaba ita ce Everything ta voidtools, kuma ita ce amsar matsalarki ta neman tsofaffin fayiloli. Dalilin saurinta shi ne ba ta bin folda-folda tana buɗewa. Faifan da aka tsara da tsarin NTFS yana da babban jadawali inda aka rubuta sunan kowane fayil da wurin da yake, to wannan jadawalin take karantawa kai tsaye, kamar mai duba littafin rajista maimakon ya bi ɗakunan ajiya ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa tun kina cikin buga harafi na biyu ko na uku sakamako yake bayyana. Idan kika rubuta rahoto 2022 da tazara a tsakani, za ta kawo duk fayil ɗin da sunansa ya ƙunshi kalmomin biyu. Idan kika ƙara ext:pdf sai ta tace ta bar PDF kaɗai. Idan kuma kika rubuta dm:today sai ta nuna abin da aka taɓa a yau. Iyakarta ita ce sunaye take nema, ba ta kula da abin da aka rubuta a cikin takarda sai an umarce ta, kuma a lokacin saurin nan yakan tafi. Ma'ana, amfaninta ya rataya ne a kan yadda kike raɗa wa fayiloli suna. Takardar da aka bari da sunan da na'urar sikanin ta ba ta, irin su IMG da lambobi, babu manhajar da za ta lalubo miki ita cikin sauƙi. Ni shawarata a fara suna da shekara, sannan wata, sannan rana, sannan batun, misali 2024-03-15 wasiƙar neman hutu, domin haka fayiloli za su jeru da kansu bisa kwanan wata.

Sai 7-Zip, wadda Igor Pavlov ya fara fitarwa a 1999, don buɗe fayilolin da aka ɗaure kamar ZIP da RAR, da kuma ɗaure naki har da kulle su da kalmar sirri. Sai VLC don sauti da bidiyo, wadda ta samo asali daga aikin ɗalibai a wata makarantar injiniyoyi ta Faransa, kuma da wuya a sami fayil ɗin da za ta kasa buɗewa. Sai SumatraPDF don karanta PDF, saboda ba ta da nauyi kuma tana buɗewa nan take. Dukkansu kyauta ne na gaskiya, babu talla, babu neman kuɗi daga baya.

Wurin saukewa kuwa yana da muhimmanci daidai da manhajar kanta. Sakamakon da ke saman shafin bincike sau da yawa talla ne da aka biya, kuma 'yan damfara sukan ƙirƙiri shafi mai kama da na asali su sa a can. Ki tabbatar adireshin na masu manhajar ne, irin su 7-zip.org da videolan.org da voidtools.com, kuma lokacin girkawa ki karanta kowane allo kafin ki danna gaba, domin a nan ne ake ɓoye akwatin amincewa da manhajojin da ba ki nema ba.

Malamar Makaranta ta rubuta:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni zan tsaya ne a kan takardu da hotuna, tunda shi ne abin da nake fama da shi kullum. 'Yar'uwa, abin da na fi so ki kula da shi shi ne shafukan intanet da ke haɗa PDF ko rage masa nauyi. Suna aiki, babu musu, amma duk takardar da kika ba su ta bar kwamfutarki ta tafi kwamfutar wasu mutanen da ba ki sani ba, kuma alƙawarin da suke yi na goge ta bayan wasu sa'o'i ba abin da za ki iya tabbatarwa ba ne. Idan takardar sanarwa ce da kowa zai gani, babu damuwa. Idan kuwa takardar albashi ce, ko shaidar haihuwa, ko wasiƙar da ta shafi sirrin wurin aiki, amana ce a hannunki, bai dace ta fita ba.

Akwai manhajojin da ke yin wannan aiki a cikin kwamfutar ko babu intanet. PDFsam Basic tana haɗa fayiloli, tana raba su, tana juya shafin da ya kife, kuma ba ta buga tambari. PDF24 Creator tana yin waɗannan har da rage nauyi. Don sikanin kuma akwai NAPS2, wadda ke karɓar shafuka daga na'ura ɗaya bayan ɗaya, ta ba ki damar sake jera su da goge wanda ya lalace, sannan ta fitar da su a fayil ɗaya. Tana kuma iya gane rubutun da ke cikin hoton, ta yadda daga baya za ki iya neman kalma a cikin takardar ko ki kwafe ta.

Game da nauyi, yawancin matsalar daga wurin sikanin take farowa. Idan aka ɗauki wasiƙa mai baƙin rubutu a kan farar takarda da cikakken launi kuma da ɗigo 600 a kowane inci, shafi ɗaya zai yi nauyin da bai kamata ba, alhali ɗigo 200 zuwa 300 da launin toka-toka sun isa a karanta ta sarai har a sake buga ta. Hotunan waya kuma faɗinsu yakan kai ɗigo 4,000 ko fiye, wanda ya ninka abin da fuskar kwamfuta ke iya nunawa, saboda haka idan aka mayar da faɗin 1,600 nauyin yakan ragu ƙwarai ba tare da ido ya lura ba. IrfanView tana iya yi wa hotuna da yawa wannan a lokaci guda. Haka ma PowerToys ta Microsoft tana da sashen rage girman hoto da ke bayyana idan kika danna dama a kan hotunan, da wani sashen na sauya wa fayiloli da yawa suna a tare, sai dai a kwamfuta irin taki ki kashe sauran sassan da ba kya amfani da su. Wani abin da mutane da yawa ke kuskurewa shi ne zaton cewa ɗaure hotuna a ZIP zai rage musu nauyi. Hoton JPEG an riga an matse shi tun a waya, don haka kusan babu abin da zai ragu. Gmail kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25 a saƙo ɗaya.

Idan ba ki da Microsoft Office na halal, LibreOffice ta fi kwafin sata da ake yawo da shi nesa ba kusa ba, domin kwafin sata hanya ce sananniya ta shigar bairos. Ta fito ne daga OpenOffice a 2010, tana buɗe fayilolin Word da Excel, tana kuma ajiyewa a tsarinsu. Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce takarda mai jadawali da ado da yawa takan ɗan goce idan aka buɗe ta a Word, saboda haka abin da ba a buƙatar wani ya gyara, ki tura shi a PDF. Ga masu buga Hausa kuma, Windows yana da tsarin madannai na Hausa da ake ƙarawa daga sashen harshe, kuma a Word ko LibreOffice idan kika buga 0199 sannan kika danna Alt da X sai ƙ ta fito, haka 0257 ke ba da ɗ, 0253 kuma ɓ.

Ɗalibin Injiniya ya rubuta:

Tare da girmamawa ga Malam, ni ban ga buƙatar SumatraPDF a wannan yanayi ba. Burauzar Edge da ke cikin Windows tana buɗe PDF, tana ba da damar yin alama da rubutu a kai da cike fom, kuma tunda burauzar a buɗe take kusan kullum, ƙara wata manhaja ƙarin abin sabuntawa ne. Kowace manhaja da aka girka ƙofa ce da sai an riƙa lura da ita. Inda na yarda Sumatra ta fi shi ne idan takardar mai ɗaruruwan shafuka ce, ko kuma littafi ne a tsarin EPUB, wanda Edge ta daina buɗewa.

Abin da zan ƙara shi ne LocalSend, don tura fayil tsakanin waya da kwamfuta. Muddin su biyun suna kan waifai ɗaya, ko da wayar ce ta ba kwamfutar hotsifot, fayil ɗin yana tafiya kai tsaye ba tare da ya bi ta intanet ba, kuma hoton yana isa da ingancinsa, saɓanin tura wa kai ta WhatsApp inda ake matse shi idan ba a tura shi a matsayin takarda ba. Don sabunta manhajoji kuma, Windows yana da winget: idan aka buɗe tagar umarni aka rubuta winget upgrade --all, zai sabunta yawancin abin da aka girka a lokaci ɗaya.

Sakatariya ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na cire waccan manhajar, na girka Everything da NAPS2, kuma na ga bambanci wajen neman takardu. Saura tambaya biyu. Shin idan fayilolina suna cikin foldar da ke haɗe da OneDrive ko Google Drive, ke nan na tsira daga asararsu? Sannan ina rubuta kalmomin sirrina a wani fayil na Word, shin akwai hanyar da ta fi wannan?

Tsohon Ma'aikaci ya rubuta:

'Yata, tambayarki ta farko ita ce mafi muhimmanci a duk wannan tattaunawa, kuma amsarta ita ce kin tsira daga wani ɓangare, ba duka ba. Aikin OneDrive da Google Drive shi ne su sa abin da ke kwamfuta da abin da ke intanet su zama iri ɗaya. Idan kwamfutar ta faɗi ko aka sace ta, fayilolinki suna nan, wannan gaskiya ne. Amma idan kika goge fayil bisa kuskure, ko kika rubuta wani abu a kansa, ko bairos mai kulle fayiloli ya shiga, to wannan ɓarnar ita ma za a kwafe ta zuwa can cikin mintoci. Suna da kwandon shara da tarihin sauye-sauye, amma na ɗan lokaci ne, galibi kwana 30 a asusun kyauta, kuma mutum ba ya lura da ɓatan tsohuwar takarda sai ranar da aka neme ta. Ƙa'idar da masu harkar suka saba bi ita ce kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. A aikace, ga mutum ɗaya, wannan yana nufin kwamfutar, da faifan ajiya na waje, da kuma intanet.

Don faifan waje ina amfani da FreeFileSync. Ana nuna mata folda a hagu da folda a dama, ta kwatanta su, ta nuna abin da za ta kwafa da abin da za ta goge kafin ta taɓa komai, sannan ta kwafe abin da ya sauya kaɗai. Ki kula da zaɓin da ake kira Mirror, domin yana goge duk abin da ke cikin foldar da kika zaɓa a faifan waje idan babu shi a foldar kwamfutar, sai dai idan kin kunna ajiye tsofaffin zubi a wata folda ta musamman, wanda nake ba da shawarar a kunna. Idan an gama a cire faifan a ajiye, saboda faifan da ke maƙale da kwamfuta kullum duk abin da ya same ta zai iya samunsa. Lokaci zuwa lokaci kuma ki buɗe wasu fayiloli daga cikinsa ki tabbatar suna buɗuwa. Idan kuwa fayil ya goge alhali babu kwafinsa, ki daina ajiye komai a kan wannan faifan nan take, domin sabon abu yana iya hawa gurbinsa, sannan a gwada manhajojin dawo da fayilolin da aka goge, irin su PhotoRec ko Recuva. A tsohon faifai mai juyawa da filash akan dace, amma a faifan SSD damar kaɗan ce, saboda yana share gurbin abin da aka goge da kansa.

Kalmomin sirri a fayil na Word kuwa, duk wanda ya zauna a gaban kwamfutar ko ya kwafe foldar ya mallake su gaba ɗaya. Akwai manhajojin da aka gina don wannan. KeePassXC tana ajiye su a fayil ɗaya kulle a cikin kwamfutarki, ke ce mai alhakin kwafe shi. Bitwarden kuma tana ajiye su a kulle a intanet, ta yadda za ki same su a waya da kwamfuta. Dukkansu suna ƙirƙirar doguwar kalmar sirri dabam ga kowane shafi, wanda shi ne ainihin amfaninsu, tunda idan aka yi kutse a shafi ɗaya abin da ɓarayi ke fara yi shi ne gwada kalmar a imel da sauran wurare. Kalma ɗaya tak za ki riƙe, wadda ke buɗe sauran, kuma idan kika manta ta babu mai iya dawo miki da ita, don haka ki rubuta ta a takarda ki adana a inda kike adana muhimman takardunki. Ki kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida kamar lambar da ke zuwa wayarki bayan kalmar sirri, a imel ɗinki kafin ko'ina, domin ta nan ake sake saita kalmar sirrin sauran shafuka.

Akwai batun da ban ga an taɓo ba. Microsoft ya daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, sai ga wanda ya shiga shirin tsawaitawa, wanda a 2025 aka sanar zai kai Oktoban 2026 ga masu amfani na gida. Windows 11 yana buƙatar aƙalla RAM gigabayit 4 da guntun tsaro na TPM 2.0 da kuma firosesa da ke cikin jerin da suka amince da shi, kuma manhajar PC Health Check za ta faɗa miki ko kwamfutarki ta cika sharaɗin. Idan ta cika, ina ba da shawarar a ƙara mata RAM zuwa gigabayit 8 in tana karɓa, domin da 4 za ta yi nauyi. Idan ba ta cika ba, Linux Mint, wani tsarin sarrafa kwamfuta da ake iya sawa a madadin Windows, yana tafiya da kyau a kan tsofaffin kwamfutoci, kuma LibreOffice da VLC da NAPS2 da KeePassXC da FreeFileSync da LocalSend duk suna aiki a kansa, sai Everything ce kawai za ki nemi madadinta. Idan kwamfutar ta wurin aiki ce, ki fara sanar da mai kula da na'urorinku kafin a sauya mata tsari, kuma kowanne aka zaɓa, a fara kwafe fayilolin zuwa faifan waje.